Tsohuwar da Komlan Ya Bar Mini

Laraba, 20 ga Janairu, 1993. Dapaong.

Mushe Komlan (haka muke kiran malami namiji da Faransanci), malamin lissafin kolejinmu, ya tafi Lome da safe don ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa. Ya bar mini uwarsa, wai mako ɗaya. Ƙugunta ba zai ɗauki zaman mota ba, kuma 'yan kudun da zai iya bar wa ita duk sun kwashe tun da aka fara yajin aikin gama-garin nan. Ni ce maƙwabciya, ni ce ba miji ba ɗa, to ni ce mai wuri.

Dada yake kiranta, ni ma haka zan kira ta. Yaren Mina kaɗai take ji. Ni Hamida da nake taƙama da Hausa, da Kotokoli, da Faransanci, da Moba na cefane, da Larabcin allo, ko "zauna" na kasa ce mata. Sai nuna mata tabarma na yi.

Asabar, 23 ga Janairu.

Ta ci tuwona ta yamutsa fuska. Shekara shida ina ci ni kaɗai, ba wanda ya taɓa raina mini miya.

Talata, 26 ga Janairu.

Rediyo ta ce an yi harbi a Lome jiya, an kashe mutane. Dada ba ta jin Faransanci amma tana jin fuska. Ta kama bakin zanena ta ce, "Komlan?" Abin da ya fito daga bakina shi ne c'est compliqué, wato abin yana da wuyar ganewa, kalmar da nake ba kowa idan ya tambaye ni dalilin mutuwar aurena, ko ɓangaren da nake goyon baya a rikicin siyasar nan.

Na sha gaya wa ɗalibaina cewa asalin kalmar nan naɗewa ne, kamar zanen da aka ninke aka sake ninkewa. Bafaranshe yana ganin in ka bi a hankali ka warware ninki ɗaya bayan ɗaya, za ka ga zanen a shimfiɗe. To na warware, ba komai a ciki. Ban san inda ɗanta yake ba.

Litinin, 1 ga Fabrairu.

An ce Lome ta watse, wasu sun yi Gana, wasu Benin. Ba labarinsa.

Na je wurin telan bakin kasuwa da na san ɗan kudu ne, don ya zo ya yi mini tafinta. Ya duba hagu da dama, ya ce da ni da Faransanci, "Madam, ni ban ji wannan yare ba." Kuma ni da kunnena na sha jin yana zagin yaran shagonsa da shi. Ban ga laifinsa ba, amma na tsane shi har na iso gida.

Maman Damigu, mai gidan da nake haya, ta ji labarin ta ce da gurguwar Hausarta, "Madam, wannan akuya ne ya zagaya turke. Kana ja, igiya yana shaƙe shi." Ban sani ba ko haka Moba suke faɗa ko ita ta ƙirƙiro, amma ta fi littafina gaskiya. Na tambaye ta to yaya ake yi. Ta ce sai akuyar ta yarda ta koma baya da kanta.

Alhamis, 11 ga Fabrairu.

Mun samu hanyar hira. Da la'asar tana tsince wake tana zuba zance da yarenta, ni ina amsa mata da Hausa. Yau na ba ta labarin aurena kaf, abin da ko 'yan ɗakinmu ban gaya wa ba: shekarun jiran haihuwa, magungunan da na sha, ranar da na kwashe kayana. Na yi kuka. Daɗin gaya wa wanda bai ji ba ke nan.

Da na gama ta ajiye faifai, ta sarƙe yatsun hannayenta biyu cikin juna, ta ja, suka ƙi rabuwa, ta yi tsaki. Daga nan ta miƙo mini rabin waken in tsince.

Kalma ɗaya na koya: akpe, wato na gode. Ita kuma ta koyi "sannu", tana faɗa wa har kajin gida.

Juma'a, 19 ga Fabrairu.

An jefo dutse kan kwanon ɗakina da rana tsaka. Wasu samari sun tsaya a ƙofar gida suna tambaya wace 'yar kudu nake ɓoyewa. Maman Damigu ta kore su da muciya, amma daga baya ta shigo ta zauna, ta kasa kallona. Ta ce tana da jikoki a gidan. Na gane so take mu tashi.

Ga kuma saƙon Yaya Issifou daga Sokode, ta bakin wani direba: in dawo gida tunda ba aiki ba albashi, tsohuwar kuma in kai ta mishan wurin mutanenta Kirista.

Lahadi, 21 ga Fabrairu.

Na kai ta har ƙofar mishan a bayan keken wani. Sista mai jin Mina ta tafi kudu tuntuni. Akwai gado, akwai abinci. Dada ta dubi gadon, ta dube ni.

Mun dawo tare. Amana ce, ba wani abu ba.

Laraba, 24 ga Fabrairu. Sokode, Kpangalam.

Mun iso jiya, ga azumi ya shigo. Kafin mu taso na ɗaura mata kallabina na yafa mata mayafi, don a ɗauka tamu ce. A shingen sojoji bayan garin Mango aka sauke kowa. Ina neman yadda zan ce mata ta ɓoye sarƙar gicciyen wuyanta, don kada ƙaryata ta tonu, sai na ga wuyan wayam. Soja ya tambaye ni wace ce, na ce uwata ce, kurma ce. Ya yi mata tsawa a kunne, ko ƙifta ido ba ta yi ba, tana ta motsa baki kamar mai cin goro.

Sai da muka wuce garin Kara ta tofo gicciyen a tafin hannunta, ta goge da mayafina. Muka yi ta dariya har 'yan mota suka ɗauka mun taɓu.

Asabar, 27 ga Fabrairu.

Yaya Issifou bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dawo daga mahauta ya kira ni zaure. "Hamida, abinci ba ya gagara a gidan nan. Amma in ta mutu a hannunki fa? Wa zai wanke ta? Da wace salla? A wace maƙabarta? In ɗanta ya zo, kabarin wa za ki nuna masa?"

Na ce, "Yaya, Allah ba zai kawo ba." Ya ce Allah yana kawowa kullum.

Na kwanta ina tuna Baba, Allah ya ji ƙansa. Yakan ce Balarabe ƙulli yake kiran irin wannan al'amari, kuma wanda ya ƙulla shi ya san bakin zaren. Mu kuwa sarƙaƙiya muke cewa. Sarƙaƙiya ba ta da baki, ba wanda ya ƙulla ta, tsirowa ta yi. Ko ka zagaye ta, ko ka kutsa ka fito da jini. Ina jin na riga na kutsa.

An ba mu ɗakin Inna na da. Matan gida suna buɗa-baki tare a tsakar gida, ni ina dafa namu daban in shige ɗaki kamar yadda na saba.

Talata, 9 ga Maris.

Ashe Salamata, matar Yaya, tana jin Mina. Na manta shekara nawa ta yi tana saro atamfa a kasuwar Lome. Tun ranar da na dawo daga gidan miji ta ce "ai haƙuri ake yi", gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Yau ta leƙo da kunu ta jefa wa Dada wata kalma, tsohuwa ta miƙe zaune kamar an kira ta daga barci.

Minar Salamata ta ciniki ce: nawa, ya yi tsada, rage mini. Na ce ta bayyana mata halin da ƙasa take ciki. Ta yi 'yan kalmomi uku kawai. Na ce me kika ce? "Na ce mata kasuwa ta ɓaci." Dada ta amsa da dogon zance, Salamata ta ce ita dai ta tsinci "ɗa" da "Allah", sauran ya wuce ta.

Na ji haushi. Wata da makonni ina wanke mata ƙafa, wata ta zo da kalma uku ta samu wannan fara'ar.

Laraba, 17 ga Maris.

Zazzaɓi ya kwantar da ita. Yaya yana ta wucewa ta ƙofar ɗakin.

Lahadi, 21 ga Maris.

Ta sha koko, ta yamutsa fuska. Alhamdu lillahi.

Ni da Salamata muka yi ta karɓa-karɓa a kanta. Ba mu yi wata magana ba, sai "miƙo ruwa", "riƙe mata kai".

Juma'a, 26 ga Maris.

An yi salla. Dada ta sa atamfar da Yaya ya yanka mata, shi da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Yaran gida suna kiranta Kaka Sannu.

Talata, 13 ga Afrilu.

Wahabu direba, mai bin hanyar Kambole zuwa Benin, ya tare ni a tasha. Ya ga Komlan a Kotonu, da ransa, da matarsa da 'ya'yansa. Komlan yana bin duk motar da ta fito daga arewa yana tambayar malama Hamida ta Dapaong. In na yarda, ƙanwar Komlan za ta zo ta ɗauki tsohuwa.

Na ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Na dawo gida, Dada ta ce mini sannu, na ce sannu. Ban gaya mata ba.

Laraba, 14 ga Afrilu.

Ai bai kamata a tayar mata da hankali ba sai an tabbatar. Wahabu ma yana da ƙarin gishiri.

Alhamis, 15 ga Afrilu.

Ƙarya nake yi. Wannan ba ninki ba ne, ba ƙulli ba ne, ba sarƙaƙiya ba ce. Na bi harsunan nan nawa ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai ce mini abin yana da wuyar ganewa, duk suka ƙi. Ba na so ta tafi. Ba na so in koma cin tuwo da bango.

Tana can tana addu'a da sunansa kamar kullum, ina ji.

Juma'a, 16 ga Afrilu.

Na sami Salamata a madafa na ce ta zo ta gaya wa Dada an ga ɗanta. Ba ta ɗago daga tukunya ba. "Na sani tun Talata. Wahabu ne ke kawo mini kaya." Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Amanarki ce, Yaya Hamida. Na san za ki zo."

Ba ta taɓa kirana Yaya ba.

Dada ta faɗi a gwiwa da ƙugun nan nata, ta rungume ƙafafuna tana akpe, akpe. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Lahadi, 9 ga Mayu.

Afi, ƙanwar Komlan, ta iso jiya. Tana jin Faransanci sosai. Ga tafinta har ɗaki, abin da na yi wata uku da ɗoriya ina nema, sai na rasa abin tambaya. Na tambayi ko maganin ƙugun yana yi mata aiki.

Dada ce mai tambaya. Afi ta ɗan ji kunya kafin ta fassara: wai me ya sa nake cin abinci a ɗaki, alhali ga gida cike da mutane? Na ce, c'est compliqué. Afi ta juya mata da yarensu, zance mai ɗan tsawo, har da hannu. Na so in tambaye ta yadda suke faɗarsa, amma Dada ta riga ta fashe da dariya. Afi ta ce, "Ta ce wai mai faɗar haka yunwa ba ta kama shi ba tukuna."

Na gaya wa Afi ta faɗa mata na riƙe labarin Komlan kwana uku. Dada ta saurara, ta kama kunnena ta murɗa da ƙarfi, har yanzu yana zafi. Daga nan ta bar hannunta a kumatuna. Afi ta buɗe baki za ta fassara abin da ta ce, na ce ta bari.

Litinin, 10 ga Mayu.

Sun tafi da motar Wahabu. Ta tafi da kallabina a kanta. Yaya ya kai su tasha, ya dawo yana ta faɗan an bar ƙofar zaure a buɗe, alhali shi ya bar ta.

Ɗakin ya yi girma.

Alhamis, 13 ga Mayu.

An ce wataƙila a buɗe makarantu nan gaba. Ban yi ɗokin komawa Dapaong ba, zafi ya yi yawa can yanzu.

Yau a tsakar gida na ci, kwano ɗaya da Salamata da sauran. Ba don komai ba, gawayi ya yi tsada, ba dalilin hura wuta biyu. Miyarta gishiri ya yi yawa, na kuma gaya mata. Ta ce gobe ni zan yi, ta ga tawa.