Magirban Baba a Ɗakin Liman

Garin Kyauta, ta Gagarawa Tasha
Agusta, 1957

Zuwa ga Yaya Sallau,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, bokon yaƙi da jahilci ne.

Tun da En'e ta Gumel ta tura ka karatu Badun, Baba kullum sai ya tambaya me ake koya wa malamin gona a jami'a wanda ba a sani ba a nan.

Gero ya yi kyau bana, amma hankalina bai kwanta ba. Ka tuna bara: kowa na tsoron kada gonarsa ta rage ita kaɗai a tsaye, tsuntsayen jan-baki su taru a kanta. Baffa Barau ya fara girbe nasa ɗanye, gari duka ya bi, rabi ya ruɓe a rumbu. Har yau Baba ba ya magana da ƙanen nasa. Yanzu an ce an ga tsuntsayen wajen Sule Tankarkar, kuma Baffa ya kai magirbansa maƙera a Maigatari. Baba ya ce wannan karon shi zai riga shi.

Na bar ka lafiya.
Ƙanwarki, au, ƙanwarka,
Husainatu

*

Badun
Agusta, 1957

Zuwa ga Husainatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar Baba da Inna, takardarki ta same ni.

Ki gaya wa Baba ana koya mana ilimin tattalin arziki: abin da ke ta da farashin gyaɗa da abin da ke kayar da shi. Akwai kuma wani sabon fanni da suke kira nazarin wasa, kamar dara, inda motsinka ya dogara da abin da kake zaton ɗan'uwanka zai yi. Malaminmu ya zana mutum biyu a allo: in sun jira tare duka su samu, in ɗaya ya yi gaggawa ya cuci ɗayan, don haka tsoro ya sa duka biyun su yi gaggawa, su tashi a tutar babu. Wallahi Baba da Baffa na gani a allon nan.

Na tambaye shi mafita. Ya ce alkawarin baki ba ya isa, sai wani ya ɗaure hannunsa yadda kowa zai gani. Shawarata ita ce Baba ya kai magirbansa duka wurin Liman ranar Juma'a, a gaban jama'a, ya ce kada a ba shi sai gero ya ƙosa. Ki lallaɓa shi. Ke yake ji.

Wassalam,
Sallau

*

Garin Kyauta
Satumba, 1957

Yaya Sallau,

Ina gaisuwa. Da na karanta wa Baba takardarka sai ya ce, "Ashe dara aka tura shi yi." Ya kwana biyu bai sake tayar da zancen ba. Ranar Juma'a kawai muka ga ya ɗaure magirbai a buhu ya saɓa, ya nufi masallaci.

Maƙwabcinmu Dogo da wasu mutane kaɗan sun bi shi da nasu. Baffa kuwa ya tsaya yana kallo, ya kaɗa riga ya tafi. Sauran gari sun ce sai sun ga abin da Baffa zai yi.

Yaya, jan-baki sun iso. Shekaranjiya sun sauka a gefen gonarmu ta gabas kamar hayaƙi. Baba ya ja igiya da gwangwanaye, yana wuni yana ihu, muryarsa ta dushe. Inna ta ce ya je ya karɓo kayansa, ya ce, "Na faɗa a gaban masallaci." In Baffa ya girbe, gari zai bi, gonarmu kaɗai za ta rage.

Ka yi mana addu'a.
Husainatu

*

Badun
Satumba, 1957

Husainatu,

Gaisuwa a taƙaice. Tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga. A allo in lissafi ya ɓaci gogewa ake yi, wannan kuwa abincin gidanmu ne na shekara, kuma ni na sa tsoho ya ɗaure hannunsa. Na koma wurin malamin, ya ce dabarar tana aiki ne in ɗayan ya yarda da abin da ya gani, kuma shi bai san Baffa ba.

Ki ce wa Baba na sauke masa, ya karɓo magirbansa, kunyar tawa ce. Jibi muke jarrabawa, ban san abin da zan rubuta ba. Don Allah ki ba da amsa a jirgin farko.

Yayanki,
Sallau

*

Garin Kyauta
Satumba, 1957

Yaya Sallau,

Gaisuwa da albishir. Ka ci abinci.

Takardarka ta zo a makare. Ranar Talata Baffa ya fita da 'ya'yansa da magirbai a kafaɗa, kuma hanyarsa ta gefen gonarmu take. Ya tarar da Baba zaune a kan kunya, yana jan igiya, baki na motsi amma murya ba ta fita. Hussaini, babban ɗan Baffa, ya ce mini Baffa ya daɗe tsaye. Daga nan ya karɓe magirban daga hannun 'ya'yan nasa, ya ce su zauna su kori tsuntsu, shi kuma ya juya ya nufi gidan Liman. Kafin la'asar ɗakin Liman ya cika da ƙarfe, har ya rasa inda zai shimfiɗa buzu.

Gari duka aka yi ta korar tsuntsu gona-gona har gero ya ƙosa, aka girbe tare. Gefen gabas ya tafi, amma sauran ya cika rumbu, tsaba kamar tsakuwa.

Jiya Baffa ya shigo gidanmu, suka gasa tumu a wuta ɗaya. Ba su gaisa ba. Can Baffa ya ce, "Naka ya fi nawa ƙosawa." Baba da guntuwar muryarsa ya ce, "Ai dama."

Sai ka dawo. Allah ya ba da sa'a.
Husainatu