Tsagar da Ka Jera a Kan Tawa

Baba,

Sallama irin wadda ake yi wa na kabari, ita kaɗai gare ni. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka saurare ni ba, to ba abin da ya sake.

Gida lafiya. Gyaɗa ta yi kyau a Kwaya bana, Inna tana fama da ƙafarta, ƙanena Habu ya ɗauki zabirarka yana aski a kasuwar Sassumbrum. Har yau mutane na cewa ba a yi wanzami mai hannunka ba. In na ji sai in ja hannun rigata in rufe hannuna.

Ka tuna shekarar da na dawo daga aikin dole na hanyar Nasara, ba barci, ba magana? Ni na yi wa hannuna rauni da kaina, kai ka same ni bayan rumbu. Ka tambaye ni abin da na gani a can? Ko sau ɗaya? Sai ka sa aka danne ni, ka bi raunin da askarka, ka jera tsaga a kai, ka cusa baƙin magani, don wanda ya gani ya ce ƙaho aka yi mini na sanyin ƙashi. Sunanka ka yi wa magani, Baba, ni kuwa ka bar ni da ciwona.

Wurin ya warke da tudu, fata ta ɗaure a gwiwar hannu. Ba na iya miƙe shi in riƙe hauya. Matata ke noman gonata, ina tsaye kamar baƙo.

Ka hana ni zuwa gidan likita don kada a gane. Ana gama sadakar arba'in ɗinka na tafi Magarya, suka tura ni Damagaram. Likitan Nasara ya bi hannun da yatsa, ya ware aikina da naka. Ta bakin tafinta ya ce nawa tabon ya kwanta tuni, tsagar da aka ƙara da maganin da aka cusa su suka ɗaure hannun. Zai yanke ɗaurin, ya ɗebo fata a cinyata ya rufe wurin. Wataƙila ya miƙe, wataƙila a'a. Ya tambayi wanda ya yi wannan ɓarna, na ce ubana ne, na faɗi sana'arka a gaban kowa. Daɗi na ji, wallahi.

Jibi za a yi aikin. Inna ta aiko in yafe maka kafin su kwantar da ni, kada in tafi da riƙo. Na gwada, ya ƙi. Ina roƙa maka gafarar Allah, wannan haƙƙinka ne. Tawa kuwa ka jira ta sai ranar da na yi noma da hannun nan.

Sai mun haɗu.

Ɗanka duk da haka,
Isufu