Muryar Umma a Cikin Filash

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya kaɗaici? Tsohuwar kwamfutarka ta iso, sai dai harafin "k" ba ya dannuwa sai an haɗa masa da lallashi.

Jarrabawar kwamfuta ta matso. Malam ya ce ranar gwaji za a ba kowa filash ya wanke shi tas, ya zuba sabon aiki. Ni da ban taɓa riƙe filash ba! Sai ga wani ɗan baƙi a aljihun jakarka. Na ce kai, Yayana ya san abin da nake buƙata. Na wanke, na cika shi da aiki, na sake wankewa, har hannuna ya saba. Baba na gaishe ka.

Taka,
Auta

Auta,

Amin wa'alaikis salam. Na fara karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa a zaune.

Mantawa na yi da filashin a jakar. Duk saƙonnin murya da Umma ta turo min kafin ta rasu suna ciki. Na kwashe su ne da wayata ta fara lalacewa, kuma babu su a ko'ina. Kada ki ƙara zuba masa komai. Ki kai wa mai gyara yau.

Ki gaida Baba, kada ki faɗa masa.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na kai. Mai gyaran ya ce da sau ɗaya aka wanke, da ya dawo da su. Ya tambayi abin da na zuba bayan nan, na faɗa masa. Ya miƙo min filashin, ya ce in yi haƙuri.

Jiya Malam ya shiga babin dawo da abin da aka goge, na fita daga ajin. Da hannuna na goge Umma, Yaya, ina yi ina murna. Zuciyata ta karye. Ba zan zauna jarrabawar ba, ko kwamfutar ba na son gani. Ka yafe min.

Auta

Auta,

Salam. Babu abin yafewa. Ki zauna jarrabawarki.

In kin fito ki ari wayar Baba ki kira ni. Ki yi min faɗa a kan rashin cin abinci, ki ja ƙarshen maganar yadda kika saba. Ban taɓa faɗa miki ba, amma muryarki tata ce.

Allah ya ba da sa'a.

Yayanki