Awartakin Gidanmu Ya Gama Shiga Bakin Mutane

Talata, bayan asuba: na wanke awartaki, na shafa masa mai, na naɗe shi a tsumma.

Da sunan Allah. Ni Seyni ɗan Wanzam Bubakar, na nan Gaya, nake rubuta wannan da hannuna a kaye, littafin rubutuna, na goma sha tara, cikin hankalina, ba zazzaɓi ke magana ba. Likita a Dosso ya duba hoton hantata, ya daɗe yana gyara tabarau, na gane. Shekarata arba'in da shida. Nuriya, Anas, Ummi, ku karanta wannan a gaban mahaifiyarku Habsatu da baffanku Hamidu. Kun san ni da sake shawara sau uku kafin in tsaya a kan ɗaya. Wannan karon na tsaya.

1. Gida da gonar shinkafa ta hanyar Tanda, a raba yadda shari'a ta ce. Roƙona kada ku sayar da gonar muddin mahaifiyarku tana raye.

2. Anas, zabirar wanzanci taka ce, da askake da ƙahoni. Ka yi aski, ka yi ƙaho, hannunka yana da sanyi. Amma awartakin cire haƙori ba ya cikin zabirar. Na fitar da shi da gangan. Ko baffanka ya sayo maka wani a Malanville, kada ka karɓa.

3. Awartakin na Nuriya ne, ta rataye a bango, ba don aiki ba.

Na san abin da Yaya Hamidu yake faɗa a rumfar kasuwa: wai 'yar Seyni ta tafi har Maroko koyon likitancin haƙori, an zaunar da ita gaban ordinatar, wato kwamfuta, tana huda haƙoran ƙarya, alhali a gidan ubanta kakanni huɗu suna cire na gaskiya. Wai hannu ba ya koyo sai ya ga jini. Wai in ta zo hutu ta zauna a rumfa ranar kasuwa, ta cire goma, ta fi abokan karatunta. Nuriya, na ji a muryarki kin fara yarda da shi. Ban yarda ba, kuma ko ina kabari ban yarda ba.

Bidiyon da kika aiko na kalle shi sau goma sha ɗaya, na rubuta abin da na gani. Kina riƙe da wani abu kamar bik na rubutu, hoton haƙori yana kan gilashin na'urar, kin ce abin yana turje miki a hannu kamar ƙashi. Kika zurfafa, wurin ya yi ja, kika danna wani maɓalli, haƙorin ya dawo sabo. Kin yi tsaki. Ni kuwa hawaye na yi, kuma ga dalili.

4. Abin da ke nan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yana cikin kaye na biyu.

Mu a kan rago muka koya. Bayan Layya, in an dafa kai an ci nama, Baba yakan ba mu muƙamuƙin mu yi ta zare haƙora. Dafaffen kai kuwa haƙorinsa finciko ɗaya yake fita. Ba wanda ya ce mini na mai rai ba haka yake ba, sai an girgiza shi a hankali ya saki. Ina shekara goma sha tara, na dawo daga lise, babbar sakandare, ban ci jarrabawar bak ba, ina son in nuna ni ma na iya wani abu. Baba ya tafi Dioundiou zanen suna. Gado masunci ya zo da kumburarren kunci. Na kama mataunin ƙasa, na fincike kamar na rago. Na ji ƙarar. Ba haƙori kaɗai ya karye ba.

Kun san Gado, wanda bakinsa ya karkace, wanda yara ke kwaikwayon maganarsa a bakin kogi. A gidanmu aka ce shi ya jawo wa kansa, wai ya ci busasshen kifi ran da aka hana shi. Yaya Hamidu ya fara faɗa don ya rufa mini asiri, Baba ya yi shiru, ni na yi shiru shekara ashirin da bakwai. Gado bai ci komai ba. Kwana tara kunu yake sha da kara. Har yau in na bi ta wurin jiragensu yakan ɗaga mini hannu, ya ɗauko mini kifi mafi girma.

Bakin Gado ba shi da abin dannawa ya dawo sabo.

5. Nuriya, kin ce na'urar ta kayar da ke sau arba'in a kan haƙori ɗaya, kina jin kunya. Ki faɗi sau ɗari huɗu. Duk jan da ta nuna miki, wani Gado ne ya koma gida lafiya. Ba na cewa na'ura ta san komai. Ba ta jin tsoro, ba ta rawar jiki, ba ta kama miki hannu tana kiran sunan uwarta. Wannan kam baffanki ya fi ta sani, kuma na kwana biyu ina tunanin ko shi ke da gaskiya. Amma bakin mutum na farko da za ki taɓa, ya zama malaminki yana tsaye a kanki, bayan hannunki ya gama haukarsa a kan gilashi. Ran da kika karɓi diplom, in Gado yana raye kuma ya yarda, shi ne farkon wanda za ki duba a Gaya. Ban san ko akwai abin da zai gyaru ba. Ki duba dai.

6. Yaya, kai ka goye ni, kai ka yi ƙarya domina. Ban manta ba. Ka ce na tozarta sana'ar Baba. A'a, na san ranar da ta tozarta, ina wurin. Ka yi fushi da ni yadda kake so, amma kada ka huce a kan yarana. Ku kuma, gaisuwar safe a ƙofar baffanku ba ta faɗuwa, ko ya juya muku baya.

7. Ummi, kayena duka naki ne, ke kike son karatu. Akwai gunaguni da yawa a ciki, ki tsallake.

Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa hannuwanku su zama sanadin sauƙi ga bayinsa. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, ku ci a kwano ɗaya ran Sallah ko da akwai magana a tsakaninku. Wanda na ɓata wa a cikinku ya yafe mini.

Gobe, in Allah ya kai mu:
— maganin safe, bayan koko
— sauke allon "ana cire haƙori" daga rumfa
— gyara ƙyauren bayan gida, har yanzu
— kiran liman da mutum biyu su shaida wannan takarda
— bakin kogi, wajen Gado, kafin su fita da jirage. Wannan layin na rubuta shi a kaye har goma sha bakwai, ban cika shi ba. Gobe ba zan karɓi kifin ba sai na faɗa masa gaskiya.