Sabis Bai Kai Ɗakin Baba Ba

Taichung, Taiwan

Ƙanena Khiem,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara. Yaya jikin Baba?

Na rubuto ne don kira ya gagara. Na sa an ja intanet gida don in riƙa ganin Baba, amma har yau ban ga komai ba sai hancinka da silin. Da ka nufi ɗakinsa da waya sai hoto ya daskare. Kullum ina nan ina wanke uban wasu, ina ba shi abinci a baki, nawa uban kuwa tun da shanyewar jikin nan ta kwantar da shi ban ga fuskarsa ba. Abin yana ci mini rai. Me kuka yi wa akwatin intanet ɗin?

Yayarka,
Thoa

Nam Dinh

Yaya Thoa,

Gaisuwa da girmamawa. Baba yana shan kunun shinkafarsa, da sauƙi.

Akwatin lafiyarsa lau. Mai haɗawar ya zagaya gidan da wayarsa, ya ce bangonmu kauri gare shi, sabis ba zai kai ɗakin Baba ba sai an rataye akwatin can sama a ɗakin tsakiya. Ya nuna wurin, daidai saman teburin kakanni inda muke kunna wa mamatanmu turare, bisa hoton Mama.

Na ce, "A gidanku haka ake yi?"

Ya ce, "Yaya, ni sabis na sani."

Na ce ba a ɗora komai sama da Mama. Shi ne ya kafa shi bakin ƙofa, kusa da takalma. Yara suna morewa, har da na maƙwabta.

Ƙaninki mai biyayya,
Khiem

Khiem,

Gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba.

Kusa da takalma! Takalman ne za su yi magana da ni? Mama ta tafi, Baba yana da rai. Matar da take shanya kifi a kan rufin kowa, ita ce za ta yi fushi don ɗan akwati mai ƙyaftawa? Ka kunna mata turare, ka faɗa mata ni na sa ka. In da laifi, a kaina. Tun kana yaro haka kake, sai an tura ka kamar keken da sarƙa ta zame.

Thoa

Yaya Thoa,

Gaisuwa da fatan kin huce.

Na karanta wa Baba wasiƙarki, ban tsallake maganar keke ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Uwarku ta ɗauki kaya iya ɗauka tana raye. Kada a ƙara mata."

Kin ga ba ni kaɗai ba ne. Na yi odar wani ƙaramin akwati daga Hanoi mai ƙara wa sabis nisa, amma bai iso ba tukuna. Duk da haka ki kira ran Lahadi in an ba ki hutu. An samu hanya.

Ƙaninki,
Khiem

Ƙanena na kaina,

Ina gaishe ka, na kuma janye maganar keke.

Na ga Baba! Tar-tar, har furfurar girarsa. Ya ce, "'Yar nan, kin yi kumatu. Tsohon ne kike ciyarwa ko kanki?" Na yi ta dariya ina share hawaye. Ya rame ƙwarai, amma bakin nan nasa yana nan. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna.

Sai da safe, ina tsakiyar aske wa tsohona gemu, abin ya faɗo mini. Hayaƙin turare na gani a bayan Baba, da gefen hoton Mama. Wato gadonsa kuka fito da shi ɗakin tsakiya.

Khiem, ni ba baƙuwa ba ce. A gidanmu ba a kwantar da majinyaci gaban kakanni sai tafiyar ƙarshe ta matso. Haka aka yi wa Kaka, haka aka yi wa Mama, ni na riƙe mata kai. Don sabis kuka matsar da shi, ko kuwa? Kada ka yi mini ladabi, gaskiya nake so.

Yayarka,
Thoa

Yaya,

Gaisuwa.

Shi da kansa ya ce a fito da shi. Ya ce in kin tambaya in ce miki don sabis ne. To, na faɗa miki.

Ki nemi izini wurin iyayen gidanki yau, kada ki jira gobe. Zan tarbe ki a filin jirgi.

Ƙaninki,
Khiem