Na ji ƙashin ƙirjin surukina yana motsi, na yi shiru

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana. Ba tausayi na zo nema ba, amma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna.

Ni mai karanta labarai ce a wani gidan rediyo a Yola. Mutanen Borno ne mu, mun sauka Jimeta a shekarun da rikici ya raba mu da gida, a nan na auri ɗan wani gidan Fulani na cikin garin Yola. 'Ya'yana biyu a gidan, amma har yau sunana "ta Borno".

Watan jiya aka yi wa mahaifin mijina, wanda kowa ke kira Baba, tiyatar zuciya a Kano. Ga wanda bai sani ba, tsaga ƙashin ƙirji ake yi gida biyu, in an gama a ɗaure shi da waya. Baba yana da ciwon suga, don haka likita ya ja kunne sosai: kada ya dafa ƙasa da hannu in zai tashi, ya rungumi matashi in zai yi tari, kada a shafa wa ɗinkin komai, in aka ga ruwa ko zazzaɓi ko aka ji ƙashin yana motsi a garzaya asibiti. Ranar da suka dawo da takardar likita na maimaita wannan a tsakar gida, dalla-dalla, yadda nake karanta sanarwa. Goggo, ƙanwar Baba, ta dube ni ta ce, "To mun ji labaran duniya. A kashe rediyon." Aka yi dariya, har da mijina.

Daga nan 'yan dubiya suka fara zuwa, mota-mota, daga Namtari, daga Ngurore. Baba kuwa ba zai karɓi gaisuwar dattijo yana kishingiɗe ba. Kowa ya shigo sai ya dafa tabarma da hannu biyu ya miƙe. A tambaye shi jiki, ya ce "Jam", wato lafiya lau, fuskarsa ko gezau. Baƙi su fita suna yaba jarumtarsa, kamar yabo yana haɗa ƙashi. Goggo kuma ta ɗauki aikin da ta iya, kullum da safe ta gasa masa ƙirji da tsumma da ruwan zafi, ta bi da man shanu, wai don ciwon ya yi laushi. Mutumin da aka buɗe wa zuciya, ana yi masa abin da ake yi wa targaɗe.

Tsakanina da Baba akwai kunyar surukai. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe shi, bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa kallon idonsa ba. Amma kunne ne sana'ata. Wata safiya ina gaishe shi ya yi tari, na ji wata 'yar ƙara daga ƙirjinsa, ƙas, kamar an karya tsinke. Washegari na sake jin ta. Bayan haka na ga rigarsa a shanya da tabo rawaya daidai ƙirji, sabulu bai fitar ba. Na san abin da ke faruwa, ba zato nake yi ba. Me na yi? Na ce a raina, tun da an kashe rediyo, sai gidan masu haƙuri su ji da kansu. Ina jiran ranar da za su zo su ce ashe ta Borno ta faɗa. Abin da ya fi wannan muni, Hamma, babban wan mijina, ya kawo sanarwar godiya gidan rediyonmu cewa Baba ya warke sarai, kuma ni na karanta ta, muryata ko rawa ba ta yi ba. Wace irin mace ce ke sa ƙirjin tsoho a caca don ta ci gardama? Ni ce.

Baba ya faɗi ne wajen alwala, jikinsa zafi rau. A asibiti a nan Yola likita ya ɗaga rigar, wari ya cika ɗakin. Ya tambaya, "Yaushe ya fara ruwa? Me kuka shafa?" Hamma ya ce, "Shekaranjiya ne, likita. Ba mu taɓa wurin ba." Goggo ta ƙura wa silin ido. Ina tsaye a bayansu, na sake yin shiru.

Likitoci sun shiga da shi tiyata, suka cire wayoyin, suka kwashe mugunya da naman da ya mutu, suka kankare gefen ƙashin da ya ruɓe. Ba su rufe ƙirjin ba, don ba a ɗinke ciwo a kan ƙwayoyin cuta. Soso na musamman suka cusa a ramin, suka manne da leda, tiyo yana fita zuwa wata 'yar na'ura mai zuƙe ruwan ciwon dare da rana, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Likita ya ce sai naman ya yi ja, gwaji ya nuna wurin ya tsarkaka, sannan a janyo tsokar ƙirjinsa a rufe ramin. Ya faɗa a fili cewa tsakanin zuciyar Baba da iskar duniya yanzu soso ne kawai da leda.

Kun san abin da ya dami dangin mijina a cikin duk wannan? Gorar na'urar da ruwan ciwon ke taruwa a ciki. Wai baƙi suna ganin ƙazantar Baba. Goggo ta lulluɓe ta da ɗankwali, tana gaya wa kowa injin yana shanye masa jini. Hamma ya fi jin ciwon sanarwar, ya ce da wane ido zai dubi mutane bayan duk Adamawa ta ji an ce Baba ya warke. Sun yanke shawara tsakaninsu: ranar Juma'a za su ce a cire na'urar, su kai shi ƙauye, can Namtari, inda babu idon jama'a, Goggo ta ci gaba da jinya. Likita bai sani ba tukuna. Na ce wa mijina wannan kisa ne. Ya ce, "Hamma ya riga ya yi magana. Ke dai kada ki sa baki, don Allah." Namiji da gemunsa, mai digiri, wannan ce iyakar amsarsa.

Jiya da rana na kai kunu asibiti, na tarar kowa ya fita salla. Na ajiye a bakin ƙofa zan juya, sai Baba ya yi magana. Bai dube ni ba, taga yake kallo, kamar da wani yake. Ya ce, "A tambayar mini mai labarai. 'Ya'yana kullum cewa suke da sauƙi. In na bar wannan injin na koma gida, zan tashi?" Shekara da shekaru bai taɓa tambayata komai ba. Ni da nake raina su saboda ɓoye gaskiya, na buɗe baki na ce, "Allah zai ba da sauƙi, Baba." Ya ce, "To." Ya ja bargo.

Ga inda nake. In na je wurin likita, dole in faɗi gashin da man shanun, in faɗi shirin Juma'a, kuma tambayarsa ta gaba na san ta: ke tun yaushe kika sani? Amsar za ta isa gidan kafin in isa. Goggo za ta samu abin da ta daɗe tana nema, laifinta ya koma kaina, kuma ba ƙarya za ta yi ba gaba ɗaya. Mijina ba zai tsaya mini ba, kun ji irinsa. Gidan da zan koma a Borno babu shi. In kuma na yi shiru karo na uku, za a ɗora tsohon a mota da rami a ƙirji, a kan hanyar Namtari.

Kada a ce mini in yi addu'a, ina yi. Kada a ce in yi haƙuri, na ga abin da haƙurin gidan nan ya yi wa ƙirjin mutum. In fara da likita ne, ko in koma bakin ƙofar nan in ba Baba amsar da ya tambaya? Yau Laraba. Me zan yi?