Bahago Ne Ya Wasa Wannan

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, barci ne dai ya ƙaurace mini.

Masu tara wuƙaƙe sunan maigidana suke saye. To, shekara guda ke nan hannunsa na rawa, ni nake ƙerawa, shi ya buga hatiminsa. Jiya wani tsohon mai saye ya ƙura wa kaifin wata wuƙa ido, ya ce, "Bahago ne ya wasa wannan." Maigida kuwa da dama yake aiki. Na cusa haguna cikin aljihu.

Litinin zai dawo, wai sai ya ga maigida yana ƙira da idonsa. In asiri ya tonu aka rufe maƙera, takardar izinin zamana a ƙasar nan ta tafi.

Kada ka gaya wa Inna dalili, ka dai ce ta ƙara mini addu'a.

Ƙaninka.